Wa Ya Sace Murfin Tankin Likita?

A duk layinsu babu wanda ya taɓa tambayar Sarkin Sitiyari wani abu game da mota ya ce bai sani ba. Kai, ko ba a tambaye shi ba ma zai faɗa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane suka ga ya yi musu tsawo suka gutsure, suka bar masa Sitiyari kawai. In mota ta wuce a titi sai ya karkata kunne, ya lumshe ido, ya ce, “Wannan fulogi na uku ne ke mata ciwo.” Motar ta riga ta sha kwana, wa zai tsayar da ita a duba?

Gaskiya dai ya yi tuƙi. Shekara goma sha tara yana jan wata tsohuwar bas ta kamfanin biskit, wadda sai an tura take tashi, har ranar da ta gaji ta kwanta a gareji ba ta sake motsi ba. Tun daga nan, shekara guda da rabi ke nan, ba shi da aikin da ya wuce zama a bencin tela yana tuƙa motocin mutane da baki.

Ana haka sai ’yar yayarsa, wadda kowa ke kira Likita, ta sayi sabuwar mota fil, tana neman direba. Yayar tasa ta sa baki, ta sake sa baki, har Likita ta gaji ta yarda. Da safe ya sauke ta a ƙofar asibiti, ta leƙo ta taga.

“Kawu, ba na so mu ɓata da kai a kan aiki, don haka gwajin yini ɗaya za mu yi. Ka ga fitilar mai ta kama. Ka fara zuwa gidan mai, sannan a wanke ta, ƙarfe huɗu ka same ni a nan. In ka yi wannan, mukulli ya zama naka. Littafin motar yana aljihun gaba, ka ɗan duba.”

“Littafi? Ni?” Sitiyari ya dafe ƙirji. “’Yar nan, ranar da za a haife ki ni na kai uwarki asibiti, da ribas ma, don giyar gaba ta ƙi shiga. Mota ce ke karanta ni.”

“Gidan mai dai, Kawu.”

“An gama!”

Ga gidan mai nan a jikin katangar asibitin, ko jifa ka yi sai ya kai. Sitiyari ya dube shi, ya wuce abinsa. Mai ba zai gudu ba, amma ’yan layi suna iya watsewa neman abinci kafin su ga wannan rana.

Ya shigo layi yana danna hon kamar an biya shi. Ya je ƙarshe ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, sai a zagaye na uku ya tsaya a ƙofar gida. Tela ya bar keken ɗinkinsa ya fito da zare a baki. Mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi. Sitiyari ya zuba su a kujerar baya, ya kunna musu esi mai sanyaya mota har ƙarshe, ya bar injin yana aiki kusan awa guda yana yi musu bayanin maɓallan da shi ma yau ya fara gani.

“Wannan fa na mene ne?” in ji tela.

“Na gudun tsiya ne. Kada ka taɓa, sai mu tsinci kanmu a wani gari.”

Mai walda ya danna. Gilashin baya ya fara goge kansa.

“Sai ta share ido tukuna kafin ta tashi,” Sitiyari ya ce, ko gezau.

Matarsa ta fito tana goge hannu, farin ciki ya cika ta har ba ta iya ɓoyewa. Shekara da rabi tana ba shi abincin rana a benci, yau ga shi da mukulli. Don ya ƙara burge ta sai ya buɗe but ya shiga gyara. Ya ɗaga shimfiɗa, ya ga wani farin mazurari na roba mai dogon wuya a maƙale kusa da safaya.

“Dubi sakacin kamfani, sun manta kayan kicin ɗinsu a motar mutane. Ungo, uwar yara, tsarabar aiki. Ki riƙa ɗura man girki da shi.”

Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

A ƙarshen layin akwai wurin wankin mota na Dogo, wani magidanci mai furfura a gemu wanda ba ya son yawan magana. Shekara da shekaru shi ke shigar da motocin manya cikin wurin ya fito da su, bai taɓa goge wa kowa ko madubi ba. Ya wanke motar Likita tas, ya tsane ta. Sitiyari ya sa hannu a baya yana zagayawa, yana lakatar nan da can da yatsa don neman ƙura. Da ya zo kan ’yar ƙofar tanki ya danna, ta buɗe.

Ya leƙa. Ya murtsuke ido ya sake leƙawa.

“Dogo! Ina murfin?”

“Wane murfi?”

“Murfin tanki mana, murfin tukunyar gidanku zan tambaye ka?”

Dogo ya matse sosonsa a hankali. “Haka take. Irin waɗannan ba a yi musu murfi. Ko a makon nan na wanke irinta uku.”

“Jama’a, ku zo ku ji ɓarawo da lacca!” Sitiyari ya ɗaga murya har tela da mai walda suka rugo. “Wai mota sabuwa fil, mai goge idonta da kanta, ita ce kamfani zai bari baki buɗe? Ko kwalbar lemo da murfinta take zuwa!”

“Wannan kam gaskiya ne,” in ji tela.

“Murfin irin wannan mota ai tsada gare shi,” mai walda ya ƙara. Shi ma bai taɓa ganinsa ba.

Aka zazzage aljihun Dogo, aka samu tsinken sakace da lasisin tuƙi. Aka kifar da bokitinsa. Sitiyari ya naɗe hannun riga ya laluba cikin duron ruwa har kafaɗa, ya fito da tsohon silifa. Dogo dai yana tsaye yana kallonsu kamar masu wasa.

“Ka duba littafin motar,” ya ce.

“Har kai ma? Ba inda za ka, ƙafata ƙafarka. Gaban Likita za ka yi bayani da bakinka.”

Dogo ya ɗaga kafaɗa, ya wanke ƙafa, ya shiga kujerar baya ya zauna. Tun da ya fara sana’a ba a taɓa kama shi a wuri mai sanyi irin wannan ba.

Yanzu fa hankalin Sitiyari ya tashi da gaske. Ranar farko, kuma ranar gwaji, a ce abu ya ɓace a hannunsa? In ya sha mai a haka, ai kafin ya kai asibiti rabi ya fantsame a titi, rabi ya bi iska. Dole a samo murfi kafin komai.

Aka koma shagon mai walda, aka juye buhun tarkace a ƙasa. Aka gwada murfin tankin janareta, ya yi girma. Aka gwada na lagireto, ya faɗo. Aka gwada na jarka, na babur, har da na wata tsohuwar butar ƙarfe. Babu wanda ya kama, don bakin tankin sumul yake, ba shi da zaren da za a murɗa komai a kai.

“Kun gani ko?” in ji Sitiyari. “Har zaren ya kankare don kada a gane shi.”

“Da soso?” Dogo ya tambaya daga cikin mota.

“Kai fursuna ne, ka yi shiru.”

Sai idonsa ya faɗa kan filas ɗin shayin da matarsa ta kawo masa. Ya cire toshiyar robar da ke bakinsa, ya auna da ido, ya ɗora a bakin tanki. Ta ɗan yi kauri.

“Miƙo guduma.”

“Maigida, filas ɗina ke nan guda ɗaya!” in ji matar.

“Ƙarshen wata zan saya miki uku.”

Ya buga sau ɗaya, sau biyu, a na uku toshiyar ta shige ta zauna daram. Sitiyari ya ja da baya yana karkaɗe hannu.

“Ko su kamfanin in suka gani sai sun turo a koya musu.”

Aka tafa masa. Lokacin ƙarfe biyu ta wuce.

Ya ɗebi tela da mai walda a matsayin shaidu, ga Dogo a tsakiyarsu, aka kama hanyar asibiti. Fitilar mai da tun safe take kunne yanzu har ƙara take yi. Sitiyari ya ce gaisuwa ce, sababbin motoci haka suke da ladabi. Suna isa tsakiyar babbar mahaɗa, inda tituna huɗu suka haɗu, motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.

Ya murɗa, ta ƙi. Ya karkata kunne, ya lumshe ido.

“Fulogi na uku.”

“Mai ne ya ƙare,” in ji Dogo.

Hon ya kaure ta ko’ina. Wani mai tifa ya leƙo ya tambaya ko a nan za su kwana ya kawo musu tabarma. Da ƙyar aka gangara da motar gefen kwata, tela ya hau babur ya je ya dawo da mai a galan. Sai a lokacin aka tuna da toshiyar filas.

Sitiyari ya sa farce, ta ƙi. Ya sa mukulli, ta ƙi. Mai walda ya kawo shawara, aka murɗa dogon sukuru a cikin robar, aka kama kansa da filaya. Sitiyari ya riƙe filayar, tela ya riƙe ƙugunsa, mai walda ya riƙe ƙugun tela. Mutane suka fara taruwa, masu talla suka sauke kaya.

“In na ce uku ku ja. Ɗaya! Biyu!”

Mai walda bai jira uku ba. Toshiyar ta fito da ƙara kamar an harba bindiga, su ukun suka yi baya. Tela da mai walda suka zube a kan yashi. Sitiyari kuwa, da yake Allah ya yi shi mai sa’a, ya tsallake su duka ya sauka a kwata da baya, ƙafafu a sama, filaya a hannu.

Ya fito yana ɗiga, baƙi ƙirin tun daga wuya har diddige.

“Da gangan na faɗa,” ya ce. “In ba haka ba da kan tela zan sauka.”

Ya ƙwace galan ya kafa bakinsa a tanki ya tuntsura. Man ya dawo waje, ya bi jikin motar da aka wanke, ya cika masa takalmi. Ya sake gwadawa, haka. Ya durƙusa ya leƙa da kyau, sai ya ga wani ɗan faifan ƙarfe a ciki ya rufe hanyar ruf. Ya tura da yatsa, ko motsi bai yi ba.

“Innalillahi! Ashe ba murfin kaɗai ya sace ba, har tankin ya toshe! Dogo, me na yi maka a duniya?”

Dogo ya sauke gilashi. “Wannan faifan shi ne murfin. Bakin tiyon gidan mai ne kawai ke buɗe shi. In da galan za ka zuba, akwai mazurarinta a but, kusa da safaya. Fari ne, mai dogon wuya.”

Sai Sitiyari ya tuna. Ya ga mazurarin nan a idonsa ƙuru-ƙuru, yana tsaye a bakin kwalbar man girki a kicin ɗin gidansa. Da a nan ya ce, “Dogo, ka yi haƙuri,” da an tura a ɗauko, da ƙila labari ya ƙare lafiya. Amma mutum kusan hamsin ne ke kallonsa, kuma shi Sarkin Sitiyari ne.

“Babu wani mazurari! Ni na gyara but ɗin nan da hannuna.”

Tela ya buɗe baki, don a gabansa aka yi kyautar. Sitiyari ya taka masa ƙafa da jiƙaƙƙen takalmi. Tela ya haɗiye maganarsa, ya koma gefe ya ciro waya yana magana ƙasa-ƙasa.

“Abin ai mai sauƙi ne,” in ji mai walda. “Bari in ɗauko wutata in huda faifan. Minti biyu.”

Bai rufe baki ba wurin ya watse. Mai lemo ta bar tirenta, mai gyaran takalmi ya tsallake kwata ƙafa ɗaya ba takalmi, wani tsoho da ya zo da sanda ya riga kowa isa tsallaken titi. Shi kansa Sitiyari, da ke warin fetur tun daga nesa, sai da ya ja da baya taku biyar.

“Ba don tsoro ba,” ya ce. “Fentin motar nake jiye wa.”

Ƙarfe uku da rabi. Babu abin da ya rage sai turi zuwa gidan man da ke jikin asibiti. Sitiyari ya kama ƙofar direba zai shiga, tela ya riƙe shi.

“A haka za ka zauna a farar kujerar Likita?”

Ya dubi kansa, ya dubi kujerar. Tela bai iya mota ba, mai walda ko keke sai da addu’a. Duk suka juya suka kalli kujerar baya.

Haka aka yi fursuna ya koma gaba ya kama sitiyari, Sarkin Sitiyari ya koma baya ya kafa kafaɗa. Yana turi yana ba da umarni.

“Dama! Na ce dama! Dogo, za ka kashe mu!”

Dogo ya yi hagu, don hagu gidan man yake. ’Yan kallon da suka gudu suka dawo suka bi su a baya, wasu na taya turi, wasu na taya dariya. Aka shiga gidan mai kamar an rako wani babban mutum. Dogo ya ratsa tsakanin wata bas da turken ƙarfe, wurin da ko mai tafiya a ƙasa sai ya karkace, ya tsayar da motar daidai gaban famfo.

Likita tana tsaye a ƙofar asibiti da jakarta, tun daga kwana take kallon komai. Ta tako a hankali. Ta dubi taron, ta dubi man da ya yi zane a jikin motarta, ta dubi wani baƙin mutum mai ɗiga da ke haki a bayan but.

“Kawu? Kai ne?”

“’Yar nan, gode wa Allah da ya sa ni kika ba motar nan. An sace murfin tanki, an toshe tankin, amma na kama ɓarawon. Ga shi can a gaba.”

“Ɓarawon ne ke tuƙi, kai kana turi?”

“Dabara ce. Don kada ya gudu.”

Matar da ke ba da mai, wadda tun safe take tsaye ba ta da lokacin surutu, ta zaro tiyo.

“A cika?”

“Tsaya, baiwar Allah, ba zai shiga ba!” Sitiyari ya tare ta. “Ni da na shekara goma sha tara a kan titi na gwada, na ce miki a toshe yake. Sai an kira injiniya daga kamfani.”

Ta kewaye shi, ta zura bakin tiyon. Aka ji ƙas. Mai ya fara shiga, lambobin famfo suna juyawa. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fetur yana gangarawa cikin tanki. Da ya cika ta zare, faifan ya koma ya rufe kansa, ta tura ’yar ƙofar da gwiwar hannu.

“Na gaba!” ta ce.

Dariyar da ta ɓarke sai da masu gadin asibiti suka leƙo.

“Ni na sassauta shi,” in ji Sitiyari, amma muryar ba ta fita sosai ba.

Daidai nan babur ya tsaya, matarsa ta sauko, don ashe ita tela ya kira. Hannu ɗaya filas ba toshiya, ɗaya hannun farin mazurari yana naso da man girki.

“Maigida, ga tsarabar taka, an ce ana nema. Ina toshiyata?”

Tela ya miƙa mata ita, da sukuru tsaye a tsakiya.

Likita ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa don dariya. Da ta samu ta tsaya sai ta juya wurin Dogo, ta ba shi haƙuri a kan sunan ɓarawo da aka kira shi, ta tambaye shi ko yana da lasisi.

“Yana da shi,” mai walda ya amsa. “Mun gani lokacin da muke caje shi.”

“Gobe ƙarfe bakwai za ka iya zuwa?”

Sitiyari ya laluba aljihu don ya miƙa mukulli da kansa, ko ba komai a ce shi ya ajiye aiki. Aljihun babu komai sai ruwan kwata. Mukullin yana hannun Dogo tun daga mahaɗa. Wannan ya yi masa ciwo fiye da faɗuwar, ya kasa ɗaga ido ya kalli matarsa.

“Zan iya zuwa,” in ji Dogo. “Sai dai wurin wankina zai zauna ba kowa.” Ya dubi Sitiyari sama da ƙasa. “Ga duro, ga bokiti, ga masu kawo mota kullum. Mutum ya fara da wanke kansa ma.”

“Ni? Sarkin Sitiyari? Soso?”

“Ya karɓa,” in ji matarsa. “Akwai filas uku a kansa.”

Washegari tun da sassafe aka ga Sitiyari a ƙarshen layi, wando a naɗe, kumfa har gwiwar hannu, yana gaya wa tela cewa wanki ilimi ne mai zurfi wanda Dogo bai taɓa fahimta ba, kuma shi dama can ya fi son aikin da ba a zaune ake yi ba. Yana cikin bayani sai ga motar Likita ta shigo a hankali ta tsaya a gabansa. Gilashi ya sauka, Dogo ya leƙo cikin sabuwar riga.

“Malam Sitiyari, a wanke ta tas, sauri muke.” Ya fito ya miƙe, ya ƙara da cewa, “Kuma don Allah a kula da murfin tanki. An ce akwai ɓarayi a wurin nan.”